Idan babur ya buge ka, kar ka yi saurin cewa "na yafe"

A Madawa, Buza ko Keita, da zarar ɗan kabu-kabu ya kaɗe mutum sai jama'a su taru: "Ƙaddara ce, a yi haƙuri." A ba shi jaka biyar, a watse. Washegari ƙafa ta kumbura, ashe karaya ce, ga kuɗin aiki, ga albasa na jiran ban ruwa a fadama.

Yafiya alheri ce, amma a bari likita ya duba tukuna.

Dokar CIMA, wadda Nijar ke bi, ta wajabta inshora ga abin hawa mai inji, babur ma yana ciki, na fetur ko na lantarki. Sai dai kamfanin inshora takarda yake nema. Saboda haka ka kira 'yan sanda idan cikin gari ne, jandarma idan a kan hanya ne, su rubuta yadda abin ya faru. Ɗauki hoton lambar babur ɗin da wayarka. Karɓi takardar likita mai bayanin raunin, ka adana rasit ɗin kowane magani.

Kai kuma mai babur, idan ba ka da inshora, daga aljihunka diyyar za ta fita.