Kalmar "Positive": Ba Kullum Take Nufin Cuta Ba

Darasinmu na wannan fitowar a kan kalma ɗaya ce ta Turanci.

Kwanakin baya wata ɗalibata a ajin matan aure nan Shanono ta zo min da takardar awon ciki, idonta jawur. Kwana uku ba ta ci abincin kirki ba, ko maigidan ba ta nuna wa ba. Wai ta ga an rubuta "positive", ita kuwa ta ji haka ake ce wa masu ƙanjamau. Da na duba, ashe "O positive" ne. Rukunin jininta ne fa kawai, baiwar Allah!

A takardar asibiti, positive na nufin an samu abin da aka nema, negative kuma ba a samu ba. Don haka ki fara tambayar ma'aikaciya, me aka nema? In gwajin ciki ne, albishir ne. In na zazzaɓin cizon sauro ne, sai magani. In na ƙanjamau ne ko ciwon hanta, nan ne ake zama da likita. Tun 2024 dokar Jihar Kano ta wajabta gwajin waɗannan biyun da na sikila kafin aure, to za mu ta ganin kalmar a takardun 'ya'yanmu.

A rukunin jini kuwa lissafin ya kan juye. Mai positive ba ta da abin damuwa, mai negative ce ya kamata ta farka. Idan jininki negative ne, na jaririn positive, jikinki na iya koyon yaƙar irin jininsa. Na fari galibi yana tsira, na baya ne ake haifa da shawara mai tsanani, ko su koma tun a ciki, mu kuma mu ce wabi ne. Akwai allurar Anti-D da ake yi cikin awa 72 bayan haihuwa, haka nan bayan ɓari.

Sauran ma'anonin ba su da nauyi. A lissafin yara, lamba ce da ta ɗara sifili. A jikin batir, gefen mai alamar tarawa ne. In kuma aka ce miki "be positive", ki kyautata zato ake nufi, ba ruwansa da jinin "B positive" ko da yake a kunne ɗaya suke.