In Za Ka Hau Tafkin Kainji, Fara Duba Batirin Jirgin

Tafkin Kainji ba irin ruwan da mutum zai ce in inji ya ƙi tashi sai a tura jirgi gaɓa ba ne. Tun da aka kammala madatsar a 1968 ruwa ya shimfiɗe sama da kilomita 130, daga kusa da Sabuwar Bussa har yankin Yauri, ya haɗiye tsohuwar Bussa da gonaki da dazuzzuka. Kututturan itatuwan da ya shanye suna nan a ƙarƙashi har yau. Jirgin da injinsa ya mutu a tsakiya, iska ce ke tuƙa shi, ita kuwa ba ta san inda kututture yake ba. Don haka duk mai shirin ɗaukar shatar ƙaramin jirgi a Yauri, ko Warrah, ko Malale, don ziyarar tsibiran Gungawa ko cin kasuwar ƙetare, ya ƙara abu ɗaya a kan cinikin kuɗi: ya san yadda ake tayar da injin.

Yawancin kwale-kwalen da ke tashoshin nan ƙananan injinan Yamaha ne a bayansu, waɗanda ake fizgar igiya su tashi. Su ba ruwansu da batir. Matsalar tana ga jirage masu gudu da ake tayarwa da makulli, irin waɗanda baƙi suka fi so saboda sauri. Kafin ka sa ƙafa, ka ce wa mai jirgin, cikin ladabi, "Malam, don Allah a ɗan tayar mu ji." Saurari ƙarar. Lafiyayyen batir yana juya inji da ƙarfi nan take. In ka ji yana jan jiki kamar wanda aka tasa daga barci, to a gyara tun ana tudu.

In inji ya ƙi tashi kuna kan ruwa, kada kowa ya miƙe tsaye, kada kuma a ruga gefe guda don leƙen inji. A saki anga in da ita, a sa rigar kariya, sannan a bi abin daki-daki. An murɗa makulli ba a ji komai ba, ko ƙyas? Duba giya tukuna, domin waɗannan injina ba sa tashi sai giya tana firi. Injin yana juyawa da ƙarfi amma bai kama ba? Wannan ba laifin batir ba ne; duba igiyar nan da matuƙi ke ɗaurawa a hannu don kashe inji, wataƙila ta zare, ko kuma mai ne ba ya zuwa. Amma in kana jin ƙyas-ƙyas-ƙyas, ko fitila ta dushe da zarar an murɗa makulli, wuta ce ba ta isa.

A nan ne mutane suke saurin yanke wa batir hukunci, alhali sau da yawa yana da ransa. Kan batir ne ya yi datti ko ya saki. Danshin ruwa da girgizar jirgi suna kwance noti, wani farin gari ko kore ya taru a wurin, wuta ta rasa hanya. Kama wayar ka girgiza. In ta motsa, ka sami ɓarawon. Cire baƙar waya da farko, sannan ja. Kankare kan da bakin wayar da wuƙa ko samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ka mayar da ja, baƙa ta zo a ƙarshe, ka ɗaure da sifana, ba da yatsa ba. Jiƙaƙƙiyar kanwa tana cinye garin nan sosai, sai dai kada ɗigo ɗaya ya shiga cikin batirin, don tana kashe ruwansa. Leƙa fis ɗin da ke ƙarƙashin murfin inji kuma, ko ya ƙone.

Ni a ganina, 'yar mitar awon wuta irin ta masu rewaya ta fi yawancin tarkacen da matafiyi ke cusawa a jaka amfani. Batir mai bolt 12 da ya cika, in ya huta, yana nuna 12.6 ko sama kaɗan. In ya nuna 12.2, rabi ya tafi. Ƙasa da 12, ya kusa ƙarewa. In kuwa an yi masa caji amma ya tsaya wajen 10.5, ɗaya daga cikin ɗakunansa shida ya mutu, babu mai cajin da zai tashe shi, sai sabo. Idan inji ya tashi, sake aunawa yana aiki: ya kamata lambar ta haura 13.5. In ba ta motsa ba, injin ba ya mayar da wutar da aka ci, kuma duk sabon batirin da aka saka haka zai ƙare.

Fasinjoji ma suna da nasu laifin. Jirgi yana tsaye a tsibiri, inji a kashe, kowa ya jona wayarsa, ga rediyo yana ta kiɗa, duk a kan batirin da za a dogara da shi a koma gida. Riƙo naka abin cajin. Zafin Maris da Afrilu kuma yana ƙafar da ruwan batir. In ya ja baya, ruwan batir na kwalba ake ƙarawa, ba na tafki ba.

To in batirin ya mutu murus fa? Yawancin injinan nan masu kafireto suna tashi ko batir ba shi da wuta. Matuƙi zai cire murfi, ya naɗa igiya a faifan da ke saman inji, makulli a buɗe, giya a firi, ya fizga. Kowa ya janye hannu da bakin riga daga wurin. A bar mataccen batirin a jone, domin tafiyar da inji ba tare da shi ba tana ƙona abin da ke yin caji. In wani jirgi ya kawo ɗauki da nasa batirin, ja da ja, baƙa da baƙa. Juya su yana ƙona kayan wutar inji nan take. A kawar da jarkar fetur, a kashe sigari, a maƙala baƙar wayar ta ƙarshe a jikin ƙarfen inji nesa da batir, saboda batir yana fitar da iska mai kama wuta, ga kuma tururin fetur da ke kwanciya a ƙasan jirgi. Da inji ya tashi, kada a kashe shi sai an kai tasha.

Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare, kuma lokacin hunturu hazo yana ɓoye gaɓa tun rana ba ta faɗi ba. Ku fita da sassafe, ku juyo kafin la'asar, domin in wani abu ya lalace a samu jiragen Sarkawa suna kan ruwa. Ka karɓi lambar wani a tashar da ka taso. Jirgin da babu igiyar tayar da inji, da sifana, da filafili, da rigar kariya a cikinsa, ka ba mai shi haƙuri ka jira na gaba.