Kula da Tukunyar Tururi a Masana'anta

A manyan injinan gyaran shinkafa, da tururi ake turara shinkafa kafin a sheme ta. Masana'antar sukari, kamar ta Numan a Jihar Adamawa, da tururi take dafa ruwan rake. Wannan tururi daga wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe yake fitowa. Ma'aikata suna kiranta bwaila. Ana hura mata wuta da baƙin mai, ko gas, ko ɓuntun shinkafa, ko tuƙar rake.

Tukunyar a rufe take ruf. Idan ruwa ya zama tururi a sarari, yakan nemi wuri kamar ninki 1,600 na inda yake dā. A cikin tukunya kuwa babu wannan wuri, sai ya matsu. Ƙarfin aikinsa ke nan, haɗarinsa kuma ke nan.

Abu na farko da mai kula da ita yake dubawa shi ne ruwa. Akwai ɗan gilashi a jikinta mai nuna inda ruwa ya kai. Idan ruwa ya ƙafe, ƙarfe yakan yi ja, tukunya tana iya fashewa, a rasa rayuka. A irin wannan hali wuta ake kashewa. Ba a zuba ruwan sanyi a kan ƙarfen da ya yi ja.

Na biyu shi ne agogon da ke nuna matsin tururi. Akwai kuma bawul mai buɗe kansa idan matsi ya yi yawa. Ba a ɗaure shi, ba a toshe shi.

Na uku shi ne datti. Ruwan rijiya yakan bar farin ɓawo, irin wanda ake gani a cikin butar shayi. Hayaƙi kuma yana barin kunkunniya. Dukansu suna tare zafi, sai a ƙona mai da yawa, tururi kaɗan. Saboda haka ana tace ruwan, ana zubar da na gindin tukunya a kai a kai, ana kuma goge bututai. Baƙin hayaƙi alama ce cewa iska ba ta isar wuta.

Mai kula da tukunya yana rubuta awon ruwa da na matsi a littafi, lokaci bayan lokaci. Daga littafin ake gane ciwo tun yana ƙarami. Shi ya sa aikin yake neman wanda ya iya karatu da lissafi.

Tambayoyi
1. Me ake yi idan ruwa ya ƙafe a tukunya?
2. Me baƙin hayaƙi yake nunawa?