Riƙo a Ingila: abin da sabon ma'aikacin kare yara ya kamata ya fara sani

Duk wanda ya baro Najeriya ko Nijar ya kama aikin kare yara a wata ƙaramar hukuma a Ingila, bayan ya yi rajista da hukumar kula da sana'ar, Social Work England, ba zai daɗe ba abokan aiki za su fara turo masa matsalolin iyalan Afirka, wai shi ya san al'ada. Sanin yana da amfani, amma a ganina nan hatsarin yake, musamman kan riƙo. A gida, ba wa dangi ɗa zumunci ne, ba mai tuhumar kowa. Dokar Ingila kuwa ta ce idan yaron da bai kai shekara 16 ba zai zauna kwana 28 ko fiye a hannun wanda ba dangi na kusa ba, dole a sanar da hukuma ta zo ta duba. Na kusa a wurinsu su ne kakanni, yayye da ƙanne, kawu, baffa, gwaggo, inna, da mijin uwa ko matar uba. Ƙanwar kaka ba ta ciki, balle maƙwabci.

Ba don ƙin baƙi ake tsananta wannan ba. Victoria Climbié, yarinya 'yar Kwaddibuwa, iyayenta sun damƙa ta ga wata 'yar uwa don ta yi karatu a Turai. Ta rasu a Landan a Fabrairun 2000 tana da shekara 8, an ƙirga raunuka 128 a jikinta. Binciken Lord Laming da ya fito a 2003 ya nuna likitoci, 'yan sanda da ma'aikatan jin daɗin jama'a duk sun gan ta, kuma an fassara tsayuwar da take yi a ƙame gaban mariƙiyarta da cewa ladabi ne irin na gidajen baƙar fata. Tsoro ne. Dokar Yara ta 2004 daga wannan bincike ta samo tushe.

Za a ce ai yawancin mariƙa mutanen kirki ne, kuma iyalai baƙi sun riga sun tsorata da hukumar da suke jin tana ƙwace yara. Gaskiya ne, shi ya sa nake ganin ɗan gida ya fi kowa dacewa da aikin: shi zai iya zaunar da uwa ya gaya mata cewa sanarwa ba ƙara ba ce, ba kuma a raba yaro da gida sai da hujjar cutarwa mai tsanani. Amma kirkin akasarin mariƙa bai gaya maka komai game da yaron da ke gabanka ba.

Don haka, abokin aiki, ko mariƙiya ta kira ka ɗanta ta kawo maka ruwa, ka nemi ganin yaron shi kaɗai, da harshen da yake ji. Idan sai da tafinta, kada ya zama ɗan gidan mariƙiyar.