Mangostin da Mai Juna Biyu: Abin da Ya Kamata Ki Sani

'Yar uwa mai juna biyu, wataƙila an taɓa kawo miki tallan ruwan mangostin a kwalba, ko ƙwayoyinsa, aka ce yana wanke jini, yana ƙara wa jariri lafiya. Kafin ki kashe kuɗinki, karanta wannan.

Mangostin ba mangwaro ba ne. Ɗan itace ne da ake nomawa a ƙasashen Tailan, Malesiya da Indonesiya. Ɓawonsa mai kauri ne, ja mai duhu, cikinsa kuma fari ne mai zaƙi da ɗan tsami. Danginsu ɗaya da namijin goro.

Masu talla suna yabonsa ne saboda sinadaran da ake kira antiyoksidan. Kin ga yadda tsatsa ke cin ƙarfe? To, haka wasu gurɓatattun abubuwa ke lalata ƙwayoyin halittar jiki a hankali, aikin antiyoksidan shi ne rage wannan ɓarna. Mangostin yana da wani nau'insu mai suna zanton, amma yawancinsa a ɓawo yake, ba a farin cikin da ake ci ba.

A ɗakin bincike da jikin dabbobi, an ga zanton yana rage kumburi. Sai dai gwajin da aka yi a kan mutane kaɗan ne, kuma ba a tabbatar cewa ba ya cutar da ciki ba. Ana kuma zargin yana iya jinkirta daskarewar jini, abin gudu ga mai shirin haihuwa ko tiyata. A shekarar 2006, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi wani kamfanin ruwan mangostin kan tallata shi kamar magani.

Saboda haka ki kiyaye waɗannan:

1. Idan kin samu ɗan itacen, ki wanke shi, ki ci farin cikinsa kamar sauran kayan marmari.
2. Ki guji ƙwayoyi, gari ko ruwan da aka haɗa da ɓawonsa, lokacin ciki da shayarwa.
3. Kada ki ajiye maganin ƙarin jinin da aka ba ki wurin awo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta sha sinadarin ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikirogiram 400 kullum. Mangostin ba zai maye gurbinsu ba.
4. Duk abin da kike sha, ki kawo kwalbarsa ki nuna wa likita ko ungozoma.

Maigida, kai ma ka sani, antiyoksidan yana nan a kasuwarku da araha. Gwaiba da lemon zaƙi sun fi mangostin bitamin C nesa ba kusa ba. Ga gwanda, tumatir, karas, zogale da alayyafo. Ka riƙa sayo mata su, ka kuma tabbatar ba ta fashin awo.

Allah ya raba lafiya.