Kafin A Sauke Muku Taransifoma

Kakar zaɓen 2027 na tafe, kuma mutanen Ketare sun san abin da ke biye: mota ta sauke taransifoma a bakin kasuwa, a ɗaura mata ƙyalle mai hoton ɗan takara, a yi tafi a watse. Bayan wata shida awaki ne ke kwana a inuwarta.

Jama'a, kafin ku yi godiya, ku tambayi mai neman kujerar majalisar wakilai ta Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa abu ɗaya: KEDCO ta amince a rubuce za ta jona ta? Domin taransifoma ba ta haifar wuta. TCN ke dakon wutar a manyan layuka, KEDCO ta raba, NERC ta sa ido. In layin da ya shigo gari ya tsinke, ko goma aka jera, duhu ne.

Kuma a ƙa'idar NERC, sayen turaku da waya nauyin kamfanin raba wuta ne, ba na masu biyan kuɗin wuta ba. In aka ce ku yi karo-karo, ku rubuta wa KEDCO koke, mai unguwa ya sa hannu, ku ajiye kwafi. Kamfani ya yi shiru, ku kai wa NERC.