Shawara ga Iyaye kan Kayan Ƙwalama

Iyaye da yawa a Kanya Babba da sauran garuruwan ƙasar Babura sukan tambaya ko ya dace a bar yaro ya riƙa taɓa kayan ƙwalama tsakanin kalaci da kalaci, kuma a ganina hani ɗungurungum ba hikima ba ce, domin cikin yaro ƙarami ne, kokon safe ba ya kai shi azahar, balle wanda zai wuce allo bayan boko.

Abin lura shi ne irin abin da ake ba shi. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli da ƙosai da awara suna gina jiki, haka aya da dabino da magarya, alhali alewa da lemon kwalba ba su da wata fa'ida sai cin haƙori da kashe sha'awar tuwo. Shi ya sa a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi nasiha kada sukari ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini.

Yaro amana ne. Ku ƙayyade masa lokaci, ya wanke hannu, kada a saya masa abin talla da aka bari a buɗe ƙudaje na bi, kuma kada a ba shi dab da tuwon dare.